Ina son buɗe ɗakin zane da shago a Bodinga, ku ba ni shawara

Mai_Burushi:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Ni mai zane ne, na yi NCE ɗina a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari nan Sakkwato, tun da na gama a zauren gidanmu nake aiki, wani ya turo hoto ta WhatsApp in zana mishi da fensir ko gawayi, wani allon shago, wani bangon makaranta. Alhamdulillahi ana samu, amma ba ni da wurin da zan ce ma mutum zo ka ga aikina. Yanzu na samu shago ciki da waje a Bodinga, bakin titin da ya wuce Shagari da Tambuwal, kuma hayar da sauƙi sosai in ka haɗa da ta cikin gari. Niyyata ciki ya zama wurin aiki, waje in rataye zanena in riƙa sayar da fenti da burushi da kwali da firem. Abokaina cewa suke wa zai sayi zane a Bodinga, mutanen da kuɗin taki ya dama. Inna kuma damuwarta daban, ta ce kar in jera hotunan mutane a bakin hanya a yi ta magana a kaina. Ni kuma wallahi zuciyata na can, garinmu ne, kuma akwai yara masu hannu da nake gani suna zane da gawayi a bango ba mai nuna musu komai. In buɗe ko in daure in nemi wuri cikin Sakkwato?

Tsohon_Mai_Fenti:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni tun kana goye nike rubutun allo, don haka saurara da kyau. Buɗe, amma ka san mi za ka saida. Aikin allon shago da munka ci abinci da shi da, injin buga bana ya cinye shi, yanzu mai shayi ma hoton waya zai kai a buga mai a roba cikin awa ɗaya, kada ka sa ranka nan. Abin da inji bai iya ɗauka ba shi na naka: bangon islamiyya da firamare, haruffa da taswira da sassan jiki da malamai ka so a zana ma yara, rubutun bayan tifa da gingimari da keke napep, ƙofar gida, sai uwa uba allon zayyana. Duk shekara ana sauka, kuma ba uban da ɗanshi zai sauke Alƙur'ani ya tsaya jayayyar kuɗin allo. In hannunka bai faɗa ga zayyana ba tahi ka durƙusa gaban masu yi ka koya, takardar NCE ba ta hana.

Sannan wurin. Shagon bakin titi ƙura ce abokiyar zamanka, in hunturu ya shigo za ka shafa fentin mai da safe kafin azahar ya koma awa takardar goge katako. Ka sa labule mai kauri ko leda tsakanin ciki da waje, abin da bai bushe ba ka jingine shi fuska ga bango. In bazara ta yi kuma, watan huɗu da na biyar da zafi ka wuce digiri 40, akirilik, fentin nan da aka surkawa da ruwa, kan burushi yake bushewa kana cikin aiki, sai ka aje ɗan abin fesa ruwa kusa kuma ka maida aikinka bayan asuba. Gwangwanayen fenti da tina, ruwan tsinka fenti, kada ka bar su ƙarƙashin kwano tsirara, sa a yi maka silin ko da na tabarma na. Kuma kada zane ya kalli yamma, ranar la'asar ta garin ga tana cin ja da shuɗi cikin wata kaɗan.

Maman_Ikram:
Masha Allah, Allah ya sa albarka ƙanina. Ni ba mai zane ba ce, mai saye ce, shi ya sa zan faɗa maka ta ɓangarenmu. Mu mata mu ne kasuwarka ko ka sani ko ba ka sani ba, jeren amarya, suna, sabon gida, duk muna neman abin ratayewa a falo wanda ba irin na kowa ba, sunan ango da amarya da rubutu mai kyau, Ayatul Kursiyyu, sunan jariri. Na kasuwa duk iri ɗaya ne, ka shiga gida biyar ka ga firem ɗaya. Amma gaskiya mace ba za ta tsaya a shagon da samari goma suka baje benci a ƙofa suna gardamar ƙwallo ba, wallahi wucewa za ta yi. Kar ka bari shagon ya zama majalisa tun ranar farko, in ya zama ba ka iya tashinsu kuma.

Kuma yawancinmu ba ma za mu zo ba, a status za mu gani. Ka riƙa ɗaukar bidiyo kana aiki tun daga farar takarda har ka gama, ka sa a TikTok da Facebook, ka ba 'yan'uwanka mata su ɗora a guruf ɗinsu na biki. Motar Sakkwato ba ta yankewa a Bodinga, ka samu direba ɗaya amintacce a tasha, ka naɗe firem da kwali sosai don gilashi. Sai maganar bashi, garinku ne, kowa ɗan'uwa ne ko abokin Baba, ka karɓi rabin kuɗi kafin ka taɓa fensir, ka rubuta ka manna a bango don kar a ce da wani kake.

Ɗan_Kasuwar_Daji:
Ni dai ban yarda da rabin shirin nan ba malam. Wurin aiki eh, sayar da kayan zane a'a. Masu zane nawa ne a Bodinga da za su sayi burushi? Kusancin nan da kake murna da shi shi zai cuce ka, wanda ke son kaya zai hau mota ya shigo babbar kasuwa ya zaɓa. Za ka zuba jarinka a fenti ya daskare a kanta. In dole ne ka ajiye abin 'yan makaranta kawai, fensir, kala, kwali, littafin zane, shi ma kaɗan. Kuma kar ka biya haya ka zauna ba ko sisi, ka ware abin da zai riƙe ka watannin farko, don damina in ta faɗi kowa gona ya nufa, kuɗi sai kaka.

Almajirin_Shehu:
Maganar Inna ba abin wasa ba ce ɗan'uwa, kada ka bi ta kanta. Malamai da yawa sun tsananta kan zana mai rai, amma bishiya da gini da gulbi da rubutu ba su hana ba. Ka je da kanka wurin malamin da kake karatu gunsa ka yi tambaya dalla-dalla, in ka samu natsuwa kan hoton mutane to ya tsaya ciki, na wanda ya sa aiki kawai, waje kuma ka jera abin da dattijo zai tsaya ya duba ransa bai sosu ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu zanenmu sai su yi ta kwafo dutsen ƙanƙara da gidajen Turai daga intanet alhali ga abu a ƙofarsu. Sifawa tana nan cikin ƙaramar hukumarku, Shehu Usmanu ya zauna can kafin ya koma Sakkwato a 1815, Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya zauna Bodinga ɗin kanta. Wa ya zana wuraren nan? Ga Hubbare, ga ƙofar fadar Sarkin Musulmi, ga rumbunan ƙasa da fadamar albasa da kwalekwale a gulbin Rima. Filin jirgin Sultan Abubakar III yana kan hanyarku, baƙo da zai koma Abuja ko Legas yana son tsarabar da ta nuna Sakkwato ya zo. Ka shiga Shiyar Madunka cikin Sakkwato ka yi magana da dukawa, jar fatar akuyarmu da duniya ta sani in aka yi zayyana a kanta aka ɗaure da firem, ba ta da na biyu.

Mai_Burushi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta ma Inna amsar Malam ta ce to yanzu an yi magana. Sayar da fenti na ajiye shi, sai na 'yan makaranta, ranar Asabar da safe kuma zan riƙa koya ma yara a cikin ɗakin. Baba mai fenti tambaya ɗaya, fata tana karɓar akirilik ko ɓarewa zai yi?

Tsohon_Mai_Fenti:
Tana karɓa in ka goge maiƙon da tina kaɗan kuma ka shafa shi ruwa-ruwa sau biyu ko uku, in ka labta da kauri tsagewa zai yi wurin lanƙwasa. Gwada ga ɓarɓashin da dukawa ka zubarwa tukuna, kyauta za su ba ka. In ka sa ranar buɗewa ka hwaɗa muna nan, ina da tsohon tsani da ban hawa yanzu, zan sa a kawo maka.