Muhawara a zauren tsofaffin 'yan lise (babbar sakandare) na garin Tawa, Nijar: zane na ba yaro ido nasa na kansa?

Baban Nana: Salamu alaikum jama'a. Malamin Nana ya ce kada in hana ta zane, wai shi ke koya mata ganin duniya da idonta. Ni ban yarda ba. Yarinya tana terminal D, ajin ƙarshe na lise a fannin kimiyya, bak (jarrabawar gama lise) na tafe, lissafi da fizik na jiranta. Ido kuwa ai Allah ya riga ya ba ta.

Mushe (malamin boko) mai ritaya: Alhaji, kallo kowa na yi. Amma ba ɗan lise fensir ka ce ya zano maka mai shayin bakin tasha. Zai fara da abin da ke kansa, kai da hannu biyu da buta. Sai ya ɗaga ido ya tarar mutumin bai ma zauna daidai ba, kafaɗa ɗaya ta sauka, ga tsumma naɗe a marikin butar saboda zafi, ga yatsu duk baƙin gawayi. Takarda ba ta ɗaukar komi da komi, dole ya zaɓi abin da zai sa. Wani wahalar mutumin zai fitar, wani gwanintarsa wajen zuba shayi daga sama. Zaɓin nan nake nufi.

Hajiya mai atamfa: Mushe, Allah ya ƙara girma, amma yaran yanzu wane mai shayi? 'Yan ƙwallo da katun ɗin Japan suke kwafowa daga waya. Nawa ya cika littafi guda da mutane masu ido kamar faranti, ko ɗaya babu mai kama da Ba'adare.

Mushe mai ritaya: Nan kam kina da gaskiya, Hajiya. Kwafi hannu yake horarwa kawai. Sai an ture shi waje.

Ɗan Adar a Yamai: Kun manta Moustapha Alassane, wanda ya yi shekaru zaune nan Tawa kafin rasuwarsa a 2015? Makanike ne da farko, zane ya kai shi silima. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, fim ɗin katun a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara waje, ga fareti ga jawabai. Kowa ya ga manyan lokacin suna sauka daga jirgi, shi kaɗai ya hango kwaɗi.

Baban Nana: Ƙanena, mutum guda ka kawo. Sauran da suka faɗi bak fa?

Malam na makarantar allo: Ni inda nake tsayawa siffar mai rai ce, akwai maganar malamai a kai. Amma ga zayyanar allo, ga adon bango, ga aikin dukawa. Wanda ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya ga masu sana'a na aiki, zai gane kowane da hannunsa.

Mushe mai ritaya: Alhaji, ko a D ɗin ai sai ta zana zuciya da ƙoda a darasin halittu. Wanda ya saba lura ba ya haɗa jijiya inda ba ta.

Baban Nana: To, Lahadi kaɗai, bayan ta gama atisayenta. Sauran sai an kafe sakamako.

Hajiya mai atamfa: Kafin nan ɗauko mana hoton littafin nata, Alhaji, mu ga ko mai shayi ne a ciki ko Mbappé.