Kafin a kai yarinya sakandaren 'yan mata ta Katolika

Yana da kyau a fara sanin ƙungiyar sistocin da ke riƙe da makarantar. Misali, ƙungiyar sistocin Ursuline, wadda Angela Merici ta kafa a 1535, da ta Loreto kowace da salonta, amma duk suna haɗa karatu da addu'a da hidimar jama'a.

A nemi amsa a rubuce: wajibi ne ɗalibar da ba 'yar Katolika ba ta halarci sujada da darasin addini? Nan saɓani kan taso idan iyaye suka sa hannu ba su karanta ƙa'idojin makarantar ba. A leƙa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a ƙirga ɗaliban aji guda, a duba sakamakon jarrabawar shekara uku, ba na bara kaɗai ba.