Daga Gangare ta Jos zuwa Nyanya ta Abuja: musayar baitoci kan gaggawa

Ɗan Gangare (6:40 na safe)
Bismillah. Amsa-amon yau “wa”. Yaya Baban Iman, da kai nake:

Sanyin Jos ya sauko, hazo na rufawa,
Ga ni gun mai shayi, kofi na ɗumamawa,
Ba agogo gabana, ba mai tsawatawa,
Yaya, ina za ka ne da wannan gaggawa?

Baban Iman (9:55)
Afuwan, sai yanzu na sauka daga mota.

Na bar Mararaba gari bai yi wayewa,
Gadar Nyanya ta cushe, taya ba ta juyawa,
Mai gidan haya ba ya jiran mai hutawa,
Ƙane, zaman kashe wando kake kira natsuwa.

Ɗan Gangare
Kashe wando ka ce? Farin Gada ke shaidawa,
Buhun dankali goma jiya nai lodawa,
Amma la’asar na yi, gida nake komawa,
Kai Iman ta san fuskarka ko sai a waya take ganewa?

Innar Rikkos
Allah ya ja kwana, ɗana! Ka gama magana. Jos ta ci.

Malam na Kubwa
A dakata da guɗa, Inna. Ɗangon ƙarshe ya karye: ’yan’uwansa gaɓa 13 zuwa 14, shi 18. Na ɗora shi a karin waƙa na Ramal bai hau ba, a na Mutadarik ma haka. Kuma “wa” amsa-amon mai neman sauƙi ne, kowane aikatau ka liƙa masa ita ya zauna.

Innar Rikkos
Malam, baitin ɗan garinku ba ka aunawa,
Sai namu ya yi zafi kake ɗauko ma’auni da tsawa.

Malam na Kubwa
Naki ma ya yi ɗingishi, Hajiya. Aruli, ilimin auna karin waƙa, bai san ɗan gari ba. Malaman Aruli, Halilu na Basra ya tsara karuruwa 15, Ahfash ya ƙara Mutadarik, duk ba don Abuja ba.

Bintu Gwarimpa
Ina bayan Malam! Ga nawa:

In sannu-sannu ce abin yabawa,
Kasuwar Taminus tun 2002 ta sha ƙonewa,
Shekara ashirin ta wuce ba a sake ginawa,
Wannan nawa ce, Josawa, ba natsuwa.

Innar Rikkos
’Yar nan, kar ki taɓa wannan miki. Rumfar atamfata tana ciki.

Bintu Gwarimpa
Ki yafe ni, Inna. Na janye.

Direban Hawan Kibo
Ku bar rigimar gaɓa. Ni nake bin hanyar, Jos, Akwanga, Keffi:

A Hawan Kibo giya ɗaya nake sakawa,
Fasinja na ta gunaguni, ba ni kulawa,
Wanda ya wuce ni da hon yana ta fizgewa,
Na tarar da motarsa a kwari, ana ta jawowa.

Malam na Kubwa
Ma’ana ta yi, Direba. Kari dai har yanzu da saura.

Baban Iman (10:50 na dare)
Ƙane, ɗangonka ko ya karye ya same ni. Tun rana yake cina.

Na shigo na tarar Iman barci ya ɗaukewa,
Littafin lissafi a ƙirji, fensir na zamewa,
Uwarta ta ce ta jira ni har kai na rinjayawa,
Na gyara mata mayafi, hannuna na rawa.

Na nemi hutun Juma’a. In an ba ni, ni da ita za mu hau motar Direba.

Ɗan Gangare
Ka yi haƙuri da bakina, Yaya. Inna za ta dafa gwaten acca, ni kuma in kai ku dutsen Shere da yamma. Ku taho mata da rigar sanyi mai kauri da safa.