Gwangwanin tara mai a tiyon numfashin inji, yana aiki kuwa ko kashe kudi ne kawai?

Mai_Turbo:
Assalamu alaikum yan uwa masana harkar mota, don Allah ina neman karin haske. Motata irin masu GDI ce (wadda ake fesa fetur kai tsaye cikin silinda) kuma da turbo, kwanan nan aka cire tiyon iska da ke zuwa totur za a wanke sai muka ga cikinsa duk danshin bakin mai, intakula (mai sanyaya iskar turbo) ma da aka kwance sai da ya diga. Bata hayaki a salansa, man ma baya raguwa sosai tsakanin juye da juye, amma da safe tana dan rawa a sulo kafin ta dau zafi. Bakanikena yace in sa gwangwanin nan da ake cewa kyac kan, wani kuma yace a'a in cire tiyon numfashin injin kawai in barshi yana hura iskarsa waje a toshe kofar manifol shikenan. Ni dai ban ma gane ta ina mai ke shiga hanyar iska ba tunda kowa da hanyarsa. Wanne zan dauka?

Tsohon_Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa bari in fara da inda man ke fitowa don idan ka gane wannan sauran mai sauƙi ne. Duk injin da ke aiki, ko sabo fil ne, lokacin da wuta ta tashi a kan fistin akwai ɗan hayaƙin da ke sulalewa ta gefen ring ya gangara ƙasa inda karanshaf ke juyawa cikin mai. Hayaƙin nan yana ɗauke da fetur ɗin da bai ƙone ba da tururin ruwa, ya je ya tarar da mai mai zafi ana ta kaɗa shi ya zama feshi, sai su haɗu. Dole a nema masa hanyar fita, in ba haka ba matsi zai taru a ciki ya dinga tura sil da gaskit har ka ga mai na tsiyaya ta ko'ina, wani lokacin ma gejin mai ya tashi da kansa daga mazauninsa.

Motocin da can baya bututu kawai ake saka musu ya leƙa ƙasan mota, iskar gudu ta ja hayaƙin ta watsar a titi. Daga 1961 jihar Kalifoniya a Amurka ta fara tilasta wa sababbin motoci su mayar da shi cikin inji a ƙone shi, daga nan bawul ɗin PCV ya bazu har ya zama kowace mota da shi ko wani abu mai irin aikinsa. Shi ne ke tsakanin murfin bawul da manifol, a sulo da zuƙar manifol ke da ƙarfi sai ya tsuke hanya, in ka taka wuta ya ƙara buɗewa. To ta nan feshin mai ke bi ya shiga hanyar iska. A mai turbo kuma hanya biyu ce, in turbo ya cika manifol da iska babu zuƙa a can, sai hayaƙin ya koma ta tiyon da ke gaban turbo, shi ya sa ka ga mai a intakula.

Matsalar irin taka ita ce fetur kai tsaye ake fesa shi cikin silinda, ba ya bi ta bayan bawul ɗin shigar iska. A injin da nozul ke fesawa a bakin manifol fetur ɗin na wanke bawul kullum. A taka babu mai wankewa, sai feshin man ya sauka kan bawul mai zafi ya toye, yau da gobe ya zama baƙin kaskami kamar ƙanzon tukunya, ya rage hanyar iska. Na sha buɗe irin wannan, za ka ga wuyan bawul ya yi kauri har sai ka sa abu ka kankare. Rawar da take yi da safe na iya zama daga nan, amma a duba fulogi da koyil tukuna kafin a yanke hukunci.

Shawarar cire tiyo kuwa kar ka yi. Warin zai shigo maka cikin mota, injin ya rasa zuƙar da ke kwashe danshi daga cikinsa, mai ya dinga lalacewa da wuri, kuma in ba a toshe daidai ba iska ta shiga wadda kwakwalwar motar ba ta lissafa ba, cek injin ya kama da lambar P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa. Gwangwanin shi a tsakiyar tiyon ake sa shi, hayaƙi ya shiga ya bugi shingayen ciki, mai da ruwa su zauna a ƙasa, iska ta wuce manifol yadda kamfani ya tsara.

Direban_Dare:
Oga ka yi bayani wallahi amma ni fa ina da ja kadan. Idan abin nan yana da amfani haka me ya hana kamfanonin su sako shi tun daga can? injiniyoyin da suka kera injin ai sun fi mu sani. Ni gani nake yawancin masu sawa don kwalliya ne kawai in an bude bonet a ga abu na kyalli

Tsohon_Bakanike:
Tambayarka mai kyau ce malam. Ai sun saka, sai dai ba irin wanda za ka gani ba, cikin murfin bawul na yawancin injinan yanzu akwai maraba da ke tare mai ta mayar da shi ƙasa, ba ta dai kama duka. Abin da ba za su yi ba shi ne su ba mutum gwangwanin da sai ya dinga juyewa da hannunsa, sun san da yawa za su manta, kuma in ya cika injin zai zuƙe shi gaba ɗaya lokaci guda ko hanyar ta toshe, wanda ya fi rashinsa illa. Wasu kamfanonin ta wata hanya suka bi, Toyota na da tsarin D-4S mai nozul iri biyu, ɗaya cikin silinda ɗaya a bakin bawul, Ford ma ta ƙara irin haka a injinta EcoBoost mai lita 3.5 daga 2017. Kuma gaskiyarka a wani ɓangaren, gwangwanin da cikinsa fayau yake babu shinge babu raga kwalliya ce kawai, yawancin feshin wucewa zai yi.

Ummu_Injiniya:
Sannunku da kokari. Abu daya nake so in jaddada wa mai tambaya saboda naga mutane na rudewa a nan, gwangwanin baya gyara injin da ya gaji kuma baya cire dattin da ya riga ya kama bawul. Wanda ya kama sai an cire manifol an wanke, akwai masu fesa masa dakakken bawon gyadar walnut da iska mai karfi bawul na rufe, yana fita tas ba tare da ya ci karfen ba. Sannan ba duk dattin ne daga PCV yake ba, sil din wuyan bawul idan ya saki shima yana digo da mai, wannan gwangwani ba zai taba ganinsa ba.

So kafin ka sayi komai ka fara da PCV din kansa. Idan irin karamin nan ne da ake zarewa, girgiza shi kaji ko yana kara, in shiru ya makale. Wasu motocin kuma roba ce zagayayya cikin murfin bawul, in ta yage zaka ji inji na fito a sulo kuma murfin zuba mai ya ki budewa da sauki saboda zuka ta yi yawa. Akasin haka in ka bude murfin a sulo kaga hayaki na bulbulowa da karfi to ring ne ake zargi, sai a auna kompireshin, wato karfin matsin cikin silinda. Sil din turbo ma yana iya zubo mai a intakula, a duba shi. Danshi kadan a tiyo ba abin tashin hankali bane, in yana taruwa ne ake bincike.

In komai lafiya to ka sa, amma mai shinge a ciki, tiyo mai jure mai da zafi kuma fadinsa kar ya gaza na asali, a daure da kilif sosai kar iska ta shiga. Lokacin sanyi ko in gajerun tafiye tafiye kake yi zai fi saurin cika don ruwa ya fi yawa, zaka ga abin ya yi ruwan kasa-kasa da kauri yana warin fetur, kar ka kuskura ka mayar da shi cikin inji, hada shi da tsohon mai a zubar inda ya dace. A kasashen da ake kankara har daskarewa yake ya toshe hanya. In motar na karkashin garanti ka tambaya tukuna kafin ka taba tiyon.

Mai_Turbo:
Allah ya saka muku da alheri, yanzu na fahimta. Tiyon dai ba zan cire ba. Zan sa a fara duba PCV da turbo da kompireshin, a leka bayan bawul din a gani. Hajiya in an sa gwangwanin duk yaushe ya kamata in dinga dubawa?

Ummu_Injiniya:
Amin. Da farko ka dinga budewa akai akai, kamar duk sati, har ka gane saurin cikar taka don kowane inji da nasa, daga nan sai ka tsara wa kanka amma kar ka bari ya wuce rabi. In ka samu mai geji a jiki ko famfon juyewa a kasa zai fi maka sauki, kuma a daura shi inda hannu ke kaiwa, nesa da manifol din salansa.