Dan Allah wace kalma zan sa wa wadda ta kawo tunanin?

Salam 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Ƙungiyarmu ta matan unguwa za ta yi walima, ni aka ba rubuta jawabin godiya. Adashe muke yi da farko, sai wata baiwar Allah a cikinmu ta ce me zai hana duk kwasa a cire wani abu a biya wa marayu kuɗin makaranta, to daga bakinta abin ya fito amma ba ita ce shugaba ba, Hajiyar da ke shugabanta kuma ta sha wahala sosai wlh bana so ranta ya ɓaci. Wata ta ce in rubuta "ita ce ummul haba'isin wannan tafiya", wata ta ce "ita ta ƙago". Wanne ya dace?

Amsa: Subhanallah 'yar uwa kar ki soma! Ummul haba'isi uwar munanan abubuwa kenan, giya ake kira haka. Mutane suna jin Larabci ne sai su ɗauka yabo ne. Haka ma kanwa uwar gami, mai haddasa rigima ake faɗa wa.

Amsa: Ƙago ba laifi a ƙa'ida, ai ana cewa ƙagaggen labari, amma a kunnen mutane yana kusa da ƙage, kin san mu mata, wata sai ta juya maganar. Ni dai "ita ta ƙirƙiro" ya fi kwanta min.

Amsa: Malama ki raba musu aiki kowa ki ba ta nata. Mai tunanin ki ce "ita ta kawo shawarar, ita ta assasa", assasa daga asasi ne wato harsashin gini. Hajiya kuma ki ce ita ta raini abin har ya tsaya da ƙafarsa. Dubi jam'iyyar NEPU, mutum takwas suka kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ba ya cikin takwas ɗin, daga baya ya zama shugabanta, kuma faɗin haka bai taɓa rage masa daraja ba.

Amsa: Gsky ni ina ga assasa ya yi nauyi, tunda ai tare kuka kafa. "Fikirarta ce" ko "basirarta ce" ya wadatar. Kuma ki fara tambayarta tukun, wasu ba sa son a ambace su a taro kan aikin lada.

Mai tambaya: Na gode Allah ya saka da alheri. Zan kira ta yau da yamma in ji ko ta yarda a faɗi sunanta.