Muhawara: Shin sai an canza magani ƙibar tsoffin sojoji masu taɓin hankali za ta tsaya?

Dakta Binta: Wai tsohon sojan da ya fara ƙiba saboda magungunan taɓin hankali olanzapine ko clozapine, ba abin da zai yi masa amfani sai canza maganin. Ni ban yarda ba.

Malam Sani: Dakta, ni ina tare da masu faɗin haka. Magungunan nan suna toshe hanyar sinadaran histamine da serotonin a ƙwaƙwalwa, sai mutum ya ci ya ci bai ji ya ƙoshi ba, tsakar dare ya tashi neman kayan zaƙi. A binciken CATIE na 2005 a Amurka, kashi 30 cikin 100 na masu shan olanzapine sun ƙara sama da kashi 7 na nauyinsu. Ƙa'idar likitocin can ta 2004 ta ce idan ƙarin ya kai kashi 5, a duba yiwuwar komawa wani, irin su aripiprazole ko ziprasidone.

Dakta Binta: A duba suka ce, Malam. Yawanci ba a sa mutum a kan clozapine sai wasu magunguna biyu sun gaza. Ka janye shi farat ɗaya, muryoyin da ciwon ke sa shi ji su dawo, barci ya ƙaurace masa, a sake kwantar da shi. Me aka yi ke nan?

Sista Rabi: Ku yi haƙuri, ɓarnar tana faruwa ne tun a watannin farko. A auna nauyi kafin a fara, a sake a mako na 4, na 8 da na 12, a gwada sukari da kitsen jini a wata na uku. Sau da yawa ba a yi, sai wando ya ƙi shiga a farga. Gyaran abinci da motsa jiki kuma suna aiki: a gwajin ACHIEVE na 2013, bayan wata 18, waɗanda aka horar sun fi sauran raguwa da kilo 3.2. Amma darasin ya zama gajere, a riƙa maimaitawa, kuma a sa shi da rana, don maganin dare yana barin su da kasala da safe.

Malam Sani: Kilo uku ga wanda ya ƙara ashirin, Sista? To ko da za a bar shi a kai, a haɗa masa da metformin, maganin ciwon sukari, da wuri: miligiram 500 tare da abinci, a ƙara a hankali, in an yi gaggawa gudawa za ta sa ya daina. A fara duba ƙoda. Haɗin olanzapine da samidorphan mai rage ƙarin nauyi kuwa, kada a kuskura a ba tsohon sojan da ke shan opioid, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi, saboda ciwon rauni, don samidorphan yana toshe aikin opioid.

Dakta Binta: Na yarda da metformin. Canjin magani kuma sai likitansa ya zauna da shi, a rage sannu a hankali.