Ninƙaya, harbin bindiga da ribar kamfanoni a Hong Kong zamanin Lugga: me ya haɗa su?

Malamin Tarihi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da tarihi a sakandare, kuma duk lokacin da muka zo kan Gwamna Lugga sai littafin ya yi tsalle: ya bar Arewa a 1906, ya dawo a 1912, ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Shekarun tsakani shiru. To mutumin yana Hong Kong ne, shi ne gwamnanta daga 1907 zuwa 1912. Gwamnan da ya gabace shi a can ma, Matthew Nathan, daga Gwalkwas aka kai shi, wato Ghana ta yau.

Wannan ya sa na shiga duba tsofaffin jaridun garin, su China Mail da Hongkong Telegraph, waɗanda ɗakin karatu na gwamnatin Hong Kong ya zuba a intanet. Labarin Lugga na je nema, amma wani abu daban ya riƙe ni. A jarida ɗaya za ka ga sakamakon gasar ninƙaya, wane ya zo na ɗaya, wane na biyu. Kusa da shi makin gasar harbin bindiga, yadi kaza maki kaza. Kusa da wannan kuma rahoton taron masu hannun jari na wani kamfanin inshora ko na gyaran jiragen ruwa, an ci riba kaza, za a raba kaza. Duk da muhimmanci iri ɗaya aka buga su.

Tambayata: me ya haɗa waɗannan abubuwa uku? Wa ke biyan kuɗin wasannin? Me akawun banki zai yi da harbin bindiga? Kuma ina Sinawa suke a wannan labari, alhali a ƙidayar 1911 garin yana da mutum sama da 450,000, waɗanda ba Sinawa ba kuwa ko kashi 5 cikin 100 ba su kai ba? Ina so in bai wa ɗalibaina amsa mai kan gado.

Tsohon Saje:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki ɓangaren bindiga, tunda nan na yi rayuwata.

Harbin nan ba wasa ba ne, ko da an sa masa kofi. Asalinsa Ingila. A 1859 Turawan Ingila sun tsorata Faransa za ta kawo musu yaƙi, sai aka kafa rundunonin 'yan sa-kai da ƙungiyar harbi ta ƙasa. Gasar farko a Wimbledon aka yi ta a 1860, Sarauniya Biktoriya ce ta buɗe ta da harbin farko. A 1890 aka mayar da ita Bisley. Dabarar gwamnati ita ce: soja na da tsada, sai an ciyar da shi, an tufatar da shi, an biya shi albashi. Amma akawu da ya iya saiti, kamfaninsa ke biyansa, da yammacin Asabar yake zuwa filin harbi da ƙafarsa. Abin da ya rage wa gwamnati bindiga ne da harsashi.

Hong Kong ma ta riga wannan yunƙuri na 1859 farawa. An kafa 'yan sa-kanta a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, da Turawa 99.

Ga yadda ake lissafin makin da kake gani, Malam. Tsarin da aka fi bi shi ne yadi 200, da 500, da 600, harsashi bakwai a kowane zango. Ka sami baƙin tsakiya, maki 5. Ke nan 35 a zango ɗaya, 105 gaba ɗaya. In ka ga an rubuta mutum ya ci 95 ko fiye, wannan gwani ne. A yadi 200 kowa jarumi ne. A 600 ake gane maza. Kana kwance rub da ciki, majanyin bindiga ya ɗaure maka hannu, gumi na shiga ido, zafin ƙasa yana sa allon yana rawa kamar yana cikin ruwa. Iskar da ba ta kai ta kaɗa maka riga ba za ta ɗauke harsashi ta kai shi gefe. Kana duban tutocin da aka kafa a gefen fili, kana riƙe numfashi, kana matsa kunamar a hankali har bindigar ta tashi ba ka sani ba. Wanda ya fizge ta ya yi asarar harsashi. A zamanin Lugga bindiga mai harsashin .303 suke riƙewa, dangin Lee-Enfield, wadda sojojinmu da 'yan sanda suka daɗe suna amfani da ita.

A lokacin akwai kuma gasar da ake yi tsakanin tashoshin jiragen ruwa, Hong Kong da Shanghai da Singafo. Kowace ƙungiya a filinta take harbi, sai a aika maki ta wayar tangaraho.

Ranar biyan bashi ta zo a Disamba 1941, da Japan ta kawo hari. Cikin 'yan sa-kan akwai wani rukuni na dattawa, waɗanda shekarunsu suka wuce na aikin soja, galibinsu manyan 'yan kasuwa. Shugabansu J. J. Paterson, babban manajan kamfanin Jardine Matheson. Su aka sa gadin tashar wutar lantarki ta North Point, kuma a daidai nan Japanawa suka sauka a daren 18 ga wata. Sun yi faɗa har aka ci ƙarfinsu. Garin ya miƙa wuya ranar 25 ga Disamba. Ba na goyon bayan mulkin da suke karewa, amma a matsayina na soja ba zan hana dattawan nan haƙƙinsu ba, sun tsaya.

Hajiya Akanta:

Sannu da ƙoƙari, Malam. Baba Saje, Allah ya ƙara lafiya. Sunan da ka ambata na Paterson shi ne amsar tambayar farko. Mutanen ɗaya ne. Wanda ya zauna kujerar shugaban taron masu hannun jari da tsakar rana, shi ne zai miƙa kofi da yamma, yaran ofishinsa ne suka yi ninƙayar, su ne kuma suka yi harbin. Jaridar tana rubuta wa mutum dubu kaɗan labarin kansu ne.

Ku dubi kamfanonin. Jardine Matheson an kafa shi a Kanton, wato birnin Guangzhou na ƙasar Sin, a 1832, kuma da cinikin ofiyom, wani kayan maye, ya yi ƙarfi, abin da ya jawo yaƙin da Ingila ta karɓe tsibirin Hong Kong da shi. Kamfanin gyaran jirage na Hongkong and Whampoa Dock, 1863. Bankin Hongkong da Shanghai, wanda muke kira HSBC yau, ya buɗe a Maris 1865 da jarin dala miliyan 5. Hongkong Land, 1889, Paul Chater da James Keswick na Jardine suka kafa shi. Daraktan wannan shi ne daraktan wancan, wasunsu kuma suna zaune a majalisar gwamna. Jami'ar da Lugga ya kafa ma, wani attajiri ɗan asalin Indiya, Hormusjee Mody, shi ya biya kuɗin babban gininta, kamfanin Swire ya zuba kuɗi mai yawa a asusunta.

Me ya sa kamfani zai damu da wasanni? Saurayi ne aka ɗauko daga Sikotlan ko Ingila, bai daɗe da haura shekara ashirin ba, ba shi da mata, bankin ma ba ya barinsa ya yi aure sai ya daɗe yana aiki. An kashe kuɗin jirginsa da horar da shi. Garin ga zafi, ga zazzaɓi, ga annobar da ta ɓarke a 1894, ga giya da caca. In ya lalace, kamfani ya yi asara. In yana kulob yana iyo ko yana filin harbi, lafiyarsa lau, kuma manya suna ganinsa. Kofin da manaja ya saya arha ne a kan wannan.

Yanzu rahoton kuɗin. Malam, in kana karanta shi, kada idonka ya tsaya kan ribar da aka raba. Abu biyu za ka duba. Na farko, nawa aka mayar asusun ajiya. Na biyu, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa, farashin canji. A lokacin kuɗin Hong Kong dalar azurfa ce, Ingila kuwa a kan zinariya take. Daga 1873 azurfa ta kama faɗuwa. Dalar da a da ta fi sule huɗu ta dawo wajen sule biyu a tsakiyar shekarun 1890. A lokacin fam ɗaya sule 20 ne. Kamfanin da ya yi wa mai hannun jari a Landan alkawarin fam ɗaya, a da dala 5 zai fitar, yanzu sai 10. Bai yi wani laifi ba, cinikinsa bai ragu ba, amma nauyin ya ninka. Haka akawun da ke tara albashinsa don ya koma gida, rabin guminsa ya narke. Duk wanda ya yi odar kaya daga waje a shekarun nan da naira ta faɗi ya san wannan ciwo. Sai a 1935 Hong Kong ta rabu da azurfa.

Kuma ba kullum ake cin riba ba. Kamfanin Dent, babban abokin hamayyar Jardine, ya durƙushe a 1867 bayan rushewar wani babban gidan kuɗi a Landan a 1866. Bankin Oriental ya faɗi a 1884. Wajen 1889 zazzaɓin hannun jari ya kama garin, mutane suna sayar da hannun jarin da ba su mallaka ba, da fatan kafin ranar miƙawa farashi ya sauka. Da abin ya fashe mutane da yawa suka tsiyace. A 1891 Keswick ya kawo dokar da ta ce ba a cinikin sai an rubuta lambobin takardun da ake sayarwa, a shekarar ce kuma dillalan suka kafa ƙungiyarsu, tushen kasuwar hannun jarin Hong Kong ta yau.

Batun Sinawa kuwa, a littafin kuɗi suna nan daram. Kowane babban kamfani yana da wanda ake kira komfarado, Basine mai matsayi irin na fatoma a kasuwancinmu: shi ya san 'yan kasuwar gari, shi ke tsaya musu, shi ke ɗaukar ma'aikata, in wani ya gudu da kuɗi shi zai biya. Robert Ho Tung, na Jardine, ya zama ɗaya daga cikin mafiya arziki a garin.

Malamin Tarihi:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, lissafin sulen nan a allo zan rubuta shi. Baba Saje, na koma na duba makin da idon da ka ba ni, yanzu lambobin suna magana. Saura ninƙayar. Akwai wanda ya san ruwan?

Ɗan Kwari:

Malam, ni ba masani ba ne, fatauci ke kai ni Guangzhou, wani lokaci in bi ta Hong Kong. Na hau jirgin fiton nan na Star Ferry mai launin kore da fari, wanda ya samo sunansa tun 1898. Daga saman bene ruwan kamar kwance yake. Sai jirgin ya zo tsayawa, ka ga ma'aikaci ya miƙa doguwar sanda mai ƙugiya ya cafke igiya, jirgin yana ta tirjewa, sannan za ka san akwai igiyar ruwa mai ja a ƙasa.

Gasar tsallake mashigin ruwan tashar Hong Kong da ninƙaya an fara ta a 1906. Kulob ɗin Victoria Recreation Club, wanda ke nan tun 1849, shi ya daɗe yana shirya ta. Tsohuwar hanyar daga Tsim Sha Tsui ce a ɓangaren Kowloon zuwa tsibirin, kusan mil ɗaya. Yau mashigin ya tsuke saboda an cike bakinsa an yi gine-gine. Wanda ya nufi gaɓar can kai tsaye, ruwa zai kai shi wani wuri, dole ya karkata tun daga farko. Bayan ta 1978 aka dakatar da gasar saboda ƙazantar ruwan, sai 2011 aka dawo da ita.

Abin da ke taɓa ni shi ne shekarar 1906 ɗin. Ranar 18 ga Satumba mahaukaciyar guguwa ta faɗa wa tashar da safe, cikin 'yan sa'o'i ta kashe dubban mutane. Akasarinsu Sinawa ne mazauna kwale-kwale, waɗanda a kan ruwan aka haife su, a kansa suke dafa abinci, su ke sauke kayan da kamfanonin Hajiya ke cin riba da su. Ruwan da wasu ke shiga don kofi, a cikinsa waɗannan suka ƙare, kuma ba a san sunayen yawancinsu ba. A lokacin akwai dokar 1904 da ta keɓe unguwar kan dutse, Peak, ta hana Sinawa zama, ba a kuma ɗage wannan hani gaba ɗaya ba sai 1946.

Amma ba su zauna suna kallo ba. Sun kafa nasu ƙungiyoyin, suka gina rumfunan wanka na gora a gaɓar North Point, inda daga baya dattawan Baba Saje suka yi faɗa. Daga irin waɗannan rumfuna aka sami Yeung Sau-king, yarinyar da ta yi wa ƙasar Sin ninƙaya a gasar Olamfik ta Balin a 1936.

Hajiya Akanta:

Ɗan Kwari ya tuna mini abu ɗaya. Malam, in ka gama da shekarun Lugga, ka buɗe jaridun Yuni 1925. A watan ne ma'aikatan Sinawa suka shiga yajin aiki, dubun dubatarsu suka tattara suka koma Kanton, aka kuma ƙaurace wa kayan Ingila har Oktoba 1926. Jirage suka tsaya ba mai sauke kaya, farashin hannun jari ya rushe, sai da aka nemo rancen fam miliyan 3 daga Landan don a tallafi 'yan kasuwa. 'Yan sa-kan Baba Saje ma an kira su aiki. Ka ɗauki rahoton kamfani ɗaya, na gyaran jirage ko na fito, ka jera na 1924 da na 1926 gefe da gefe, ka bai wa ɗalibanka su nemo bambancin da kansu.